Garwashin da Na Kai Kurgum a Guje

Da sunan Allah wanda ya raba ƙasashe, ya ba wasu rana har ta ishe su, ya ba wasu sanyi har ya zame musu sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, ni Anaruwa ɗan Jatau, mutumin Tsamiya Bakwai, zan ba ku labarin gudun kwana uku da na yi cikin dusar ƙanƙara a ƙasar Halbun, da kaskon wuta rataye a ƙirjina, da abin da bakina ya jawo mini a hanya.

Shekarar da na gama makaranta, kaina cike yake da dabaru kamar buhun da aka danna da ƙafa. Na karanci ƙasa, na karanci iska, ba na ganin abu ban ce ga yadda za a gyara shi ba. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: manoman garinmu su yi shuka da ruwan fari, ruwa ya ɗauke, iri ya mutu a ƙasa. Sai wani bafatake ya gaya mini cewa can ƙarshen arewa, bayan tekuna biyu, akwai gidan ilimi a kan dutse, ana ce masa Kurgum, inda ake karanta gajimare a san ruwan shekara tun ba ta kama ba. Na ɗaura niyya na fita. Shekara biyu ina tafe. Na ratsa dajin da itatuwansa ke juya ganye su bi matafiyi da kallo, na hau jirgin ruwa mai jan filafili, na wuce birnin da aka gina shi da gishiri tsantsa, har Allah ya kawo ni Tulgar, garin da ke gindin duwatsun Halbun.

Na sauka a gidan wata mata mai suna Darma. Ta haura sittin, siririya kamar kara, magana ba ta dame ta ba. A wurinta na koyi harshensu, ita ce kuma ta gaya mini yadda ake shiga Kurgum.

Kowace shekara, tsakiyar hunturu, mutanen Kurgum sukan kashe wutarsu gaba ɗaya, su share murhu, su zauna jiran sabuwar wuta daga Tulgar. Masu gudu ne ke kai ta, kowa da garwashi uku a ƙaramin kasko mai murfi da 'yan huji. Tafiyar da ayari ke yi a kwana goma sha biyu, su a kwana uku suke yin ta, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, su kwana a zango. Baƙon da ke son karatu dole ya shiga cikinsu, ya isa ƙofa da wutarsa a raye kafin ranar kwana na uku ta faɗi. Ba a ƙyasta ashana, ba a ɗiba daga murhun zango, ba a karɓar komai a hannun wani. Wutar kowa da cikin kowa daga jakarsa suke ci. Kuma sau ɗaya ake ba baƙo dama a rayuwarsa.

Na ce, "Inna, ai abin da sauƙi. Me zai hana a yi wa kaskon murfi biyu? Ko a liƙa masa 'yar ƙofa da za ta riƙa juyawa da iska? Na ma zana, duba ki gani."

Ta dubi zanen a juye, ta miƙo mini. "Ɗan rana, ka taɓa gudu a ƙanƙara?"

"Na karanta yadda ake yi."

"Ƙafarka ma ta karanta?"

Washegari ta fitar da ni. Wata uku muna hawa muna sauka a bayan gari, tana gaba ina biye ina haki. Ita ma mai kai wuta ce, wannan ne gudunta na talatin da ɗaya. Ta nuna mini cewa wutar ce ke yanke saurin mutum: ka cika sauri, iska ta shiga huji ta cinye gawayinka kafin ka isa; ka cika nawa, rana ta faɗi ta bar ka a hanya. Ba a ba na farko kyauta, ba a kuma yi wa na ƙarshe dariya.

Ranar tashi mu arba'in da uku muka jeru a dandali. Sanyin safiyar ya fi duk wanda na taɓa ji, gashin hanci ma sandarewa yake. Ni kuwa na yi dabara ban gaya wa kowa ba: riga bakwai na saka, wando uku. Na ga mutanen Halbun da 'yan riguna biyu suna karkarwa, har tausayinsu na ji. Darma ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka rawar ɗari a nan."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "To."

Aka busa ƙaho muka tashi. Ban san yadda zan kwatanta muku kyan hanyar nan ba. Duniya fara fat, itatuwa sun sunkuya da nauyin dusa, ba ka jin komai sai takun ƙafa, ƙurus ƙurus, kamar mutum arba'in suna tauna rake a natse. Hayaƙi siriri na tashi daga ƙirjin kowa. Aka miƙe a layi ɗaya, na gaba yana fasa hanya, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa.

Kafin hantsi na jiƙe sharkaf da zufa. Ban damu ba, a garinmu zufa lafiya ce. Da muka fito fili iska ta same mu, sai rigunan suka fara ƙanƙarewa daga waje zuwa ciki. Kafin azahar ina sanye da katako. Hannuna ba ya lanƙwasuwa, haƙorana na kaɗawa, wani barci mai daɗi yana jana.

Darma ta ja ni bayan wani dutse. "Tuɓe."

"Inna, a nan?"

"Tuɓe, na ce. Na haifi maza huɗu, ba abin da za ka nuna mini."

Sai da ta fasa rigar sama da gwiwar hannu kafin ta fita. Ta bar mini biyu da ba su jiƙe sosai ba, ta sa na cusa kaskona a ciki ya busar da su a jikina, ta murje mini hannuwa har na yi ƙara. Sauran rigunan muka rataye a turken alamar hanya, suka tsaya ƙiƙam kamar mutane biyar marasa kai.

Ta ce, "A nan zufa ke kisa, ba sanyi ba. Ka yi gudu kana ɗan jin ɗari. Gorar ruwanka a hammata, ka riƙa kurɓa ko ba ka jin ƙishi."

Na yi taimama da dutsen, na yi sallah a gajarce, muka ci gaba. Mun isa zangon farko rana na gab da faɗuwa, wutata ja jawur.

Kwana na biyu shi ne na Kwarin Shiru. Hanya ce siririya tsakanin duwatsu biyu masu tsawo, dusar hunturu duka ta taru a kansu tana jiran abin da zai motsa ta. Muryar mutum ta isa. Tun a Tulgar aka gaya mini, Darma ta sake gaya mini da safe, ni da kaina ma na yi mata bayanin yadda sauti ke tafiya a cikin kwari har ta ce in bar ta ta sha ruwan zafinta. A bakin kwarin aka rarraba mu, kowa ya shiga shi kaɗai, da tazara mai yawa tsakani. Darma ta riga ni. Ni ne na ƙarshe.

Na yi nisa lafiya lau. Shirun wurin har nauyi gare shi, ina jin bugun zuciyata da 'yar ƙarar garwashi a kasko. Can tsakiyar kwarin sai na hango wani dattijo zaune ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, yana gyaran igiyar takalmi. Holgu ke nan, mai tsaron kwarin, wanda ke zama ya ga wucewar kowa. Gemunsa fari har ƙirji. Ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai na wuce.

Taku goma na yi. Wallahi kowane taku sai na ji kamar na taka ƙaya. Ɗan wane ne wannan da zai wuce dattijo yana aiki kamar ya wuce kututture? Tun ina rarrafe ban taɓa yi ba. Na ce a raina, ai ba ihu zan yi ba, a hankali zan faɗa, iyakar kunnensa. Na juya, na ɗan rusuna, na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Kwarin ya karɓa. Baba, in ji dutsen dama. Baba, in ji na hagu, da ƙarfi fiye da na farko. Baba, Baba, Baba, yana hawa sama yana girma, har ya ɓace. Aka yi tsit. Na ga dattijon ya rufe ido kamar wanda ciwon kai ya kama. Sai wani abu ya ce ƙas a can sama.

Ban san dattijo na da irin wannan zafin nama ba. Ya cafko wuyan rigata ya fizgo ni ƙarƙashin rumfar dutsen, dusa ta sauko kamar an kifar da sama. Na dunƙule a kan kaskona. Wani abu ya ja ƙuguna ya tsinke. Aka daɗe ana rugugi, sannan duniya ta koma shiru.

Muka tona muka fito. Holgu ya kakkaɓe gemunsa, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun, sun koma baƙaƙe tas. Sai ya yi magana da cikakkiyar murya.

"To, yanzu gaishe ni son ranka. Ba abin da ya rage a sama da zai faɗo."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Akwai wanda abin ya rutsa da shi?"

"Babu, kai ne na ƙarshe. Shekara arba'in ina zaune a nan, masu tari sun wuce, masu atishawa sun danne hanci sun wuce. Ban taɓa ganin wanda ya wuce lafiya ya dawo don ya ce mini sannu ba. Haka kuke a ƙasarku?"

"Haka muke, Baba."

"Allah ya sa ba ku da duwatsu." Ya ɗan yi murmushi. "Yauwa, sannunka dai. Duba wutarka."

Na buɗe. Dusa ta shiga ta huji ta kashe garwashi biyu. Ɗaya ya rage, bai fi ƙwallon dabino ba. Na kai hannu ƙugu in ɗauko gawayi, babu jaka. Ta tafi da gawayina da busasshen namana, tana can ƙarƙashin dusa tsawon gida biyu. Holgu yana da itace jibge a bayansa. Na duba, shi ma ya duba, amma doka ta hana karɓa.

Na isa zango na biyu da la'asar sakaliya. Darma na bakin ƙofa. Ta ji rugugin, ta ga ƙuguna ba jaka, ta ce, "Me ka ce masa?"

"Sannu da aiki."

Ta juya baya kafaɗunta na rawa. Wannan ne karo na farko da na ga dariyarta.

Na zauna na fara ba wutar abin da nake da shi. Asuwakina ta cinye nan take. Matajin itace ma bai daɗe ba. Abin da ya rage a aljihun ƙirji ƙuli-ƙuli ne guda goma sha ɗaya naɗe a ƙyalle, wanda na soya da hannuna a Tulgar da gyaɗar da na saya a tashar jirgi. Shi ne abincina kaf. Na gatsa ɗaya ina kallon kaskon da baƙin ciki, ɓarɓashi ya faɗa kan garwashin. Ya yi cuu, ya kama, ya tsaya yana ci a hankali. Mai! Na tura sauran guntun, na rufe da toka, na zauna ina kallo. Bai yi harshe ba, bai kuma mutu ba, ja kawai yake yi a natse kamar gawayin kirki.

Darma ta leƙo. "Wuta ta samu abinci. Kai fa?"

Na ce, "Za mu raba."

Ba mu raba ba. Kafin gari ya waye wutar ta ci uku. Na fita kwana na uku da bakwai a aljihu da ruwan zafi a ciki.

Rabin hanyar ranar a kan wani tafki ne da ya daskare, faɗinsa ba a ganin gaɓa. Ƙanƙarar garau take kamar gilashi. Da muka hau, sai ga kifaye sun taso daga ƙasa, dogaye, jikinsu na haske kore-kore, kowane mai gudu da nasa ayarin a ƙarƙashin ƙafa, suna bin ɗumin kaskonsa. Ka tsaya su tsaya, ka tafi su tafi. Na daɗe ina gudu ina kallonsu har na manta da yunwa. Darma ta rage sauri ta jera da ni. Na ce ta wuce kada in ja mata, ta ce wutarta ba ta gaggawa.

Nan ne hayaƙina ya jawo baƙi. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ya bi iska, sai ga fararen diloli daga gaɓa, biyu, biyar, har na daina ƙirga. Ba su yi haushi ba, biye kawai suke, hanci sama, suna matsowa kaɗan kaɗan.

Darma ta ce, "Sau talatin na kai wuta Kurgum, ban taɓa jin tana ƙamshin kasuwa ba."

"In jefa musu ɗaya?"

"Jefa ka gani. Kowanne zai je ya kira danginsa."

Sai dabara ta zo mini, wannan karon ta kirki. Ƙyallen da na naɗe ƙulin ya sha mai har ya yi baƙi. Na kwance shi, na ɗan gasa a bakin kasko don ƙamshin ya tashi, na ɗaure shi a wani sulɓaɓɓen dutse, na wurga shi a kwance kan ƙanƙara da duk ƙarfina. Ya yi ta zamewa yamma ba tsayawa, dilolin suka bi shi suna santsi suna faɗuwa kan juna. Darma ta ce, "Wannan ma a makaranta ka karanta?" Na ce a'a, a bakin rafin garinmu.

Bayan tafkin sai hawa. Kurgum na can sama, gini baƙi, ba hayaƙi ko ɗaya a kansa, mutane sun jeru bisa katanga suna jira cikin sanyi. Ƙafafuna sun zama na wani. Gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya da hannu a gwiwa. Duk sanda hayaƙi ya yi rauni sai in tsaya in ba wa wutar ɗaya. Shida, huɗu, biyu. Rana ta karkata.

Da ya rage ɗaya, idona ya fara ganin duhu-duhu. Na zauna a dusa. Ban san sanda na sa shi a baki ba. Gishirinsa ya taɓa harshena, yawu ya cika mini baki, haƙorana har sun kama shi. Darma na tsaye, ba ta ce ci ba, ba ta ce bari ba. Na dubi ginin, na dubi kaskon. Na fito da shi, na goge a riga, na tura cikin toka.

Ta ce, "Tashi. Kada ka ƙara duban sama, dugadugaina za ka duba. Inda na cire ƙafa, nan za ka sa taka."

Haka muka hau. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, saura kamar jifa uku mu isa, hayaƙin ya ɗauke. Na kai hannu zan buɗe murfi, ta buge hannun.

"In ka buɗe, ka ba iska ɗan abin da ya rage. Tafi."

Mu biyu ne na ƙarshe. Gindin rana ya taɓa dutse lokacin da na durƙusa a ƙofa. A nan Uwar Murhu take zaune, wata tsohuwa mai suna Helku, ita ke karɓar wutar kowa. Ta buɗe kaskon Darma, ja jawur, ta miƙa ciki. Ta buɗe nawa. Toka ce, fara, ba ko alamar ja. Shekara biyu da wata uku, ga su a kasko.

Na ce, "Iya, ta mutu."

Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Ido ba ya yanke wa wuta hukunci a nan. Matso da haɓarka."

Ashe al'adarsu, in toka ta yi shiru, da gashin mai ita ake tambayarta, sau uku. Ta laluba gemuna ta yi tsaki. "Wannan ai ba zai kai gwaji uku ba." Mutanen katanga suka yi dariya. Ta tsige ɗaya, ta soka a tsakiyar tokar, ta jira, ta zaro. Yana nan miƙe. Ta tsige na biyu ta soka a gefe. Ta zaro, ta ɗaga shi ga hasken da ya rage. Miƙe. Dariya ta ɗauke. Na ji tafin Darma a kan kafaɗata.

Tsohuwar ba ta yi sauri ba. Ta juya kaskon a hannu tana shafa gindinsa da yatsa, ta tsaya a wani wuri kusa da baki. Ta tsige na uku, ta soka shi a nan, a karkace, har ƙasa.

Sai gashin ya motsa. Ya lanƙwashe, ya nannaɗe, wani ɗan ƙauri ya taso. Na shaƙi turaren birane da yawa a tafiyata, ban taɓa jin abin da ya kai ƙaurin gashin nan daɗi ba.

Ta yaye tokar da farce, ga shi nan, bai fi ƙwayar gero ba. Ta ɗora masa busasshiyar gansakuka, ta hura sau ɗaya a hankali, harshen wuta ya miƙe. Aka ɗauka aka zuba a babban murhu tare da na sauran.

Ta ce, "Me kake jira kuma? Shiga, ɗalibi, ka ja ƙofar. Sanyi kake sako mana."

Na yunƙura, ƙafafu suka ƙi. Da rarrafe na shiga Kurgum.

Nan hikayata ta tsaya. Godiya ta tabbata ga wanda ya halicci wuta da ƙanƙara, ya kuma bar bawansa ya ratsa tsakaninsu.